Abin da Ban Gaya wa Inna Ba

Assalamu alaikum. Lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce mai ƴaƴa uku, ina zaune a Dagmanet cikin Agadas, ina sayar da shinkafa da wake kusa da tasha. Mu biyu muka rage wa Innarmu, ni da Yayana, mai tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Dirku. Ƙanenmu ya daɗe da rasuwa. Cikinsa ne ya kumbura, idonsa ya yi rawaya, wasu suka ce shawara, wasu suka ce sammu, har aka binne shi ba wanda ya san sunan ciwon.

Yaya ƙaƙƙarfan mutum ne, ban taɓa ganin zazzaɓi ya kwantar da shi ba. In ya ce ya gaji sai mu ce hanya ce. Wata dawowa ya zauna a bencina, na zuba masa abinci, ya yi loma kaɗan ya ture kwanon. Wuyansa ya rame, amma sai na ga yana sassauta wando don ciki ya matse shi. Da na yi magana ya ce ruwan rijiyoyin hanya ne. Sai da na haɗa shi da Inna kafin ya yarda muka je likita, wato asibiti.

Lokotoro, mai duba marasa lafiya, ya ɗebi jini, ya sa aka yi hoton ciki, sannan ya zaunar da mu. Ya ce ƙwayar ciwon hanta ce, mai yiwuwa tun ƙuruciya take jikinsa. Shekara da shekaru hantar tana kumburi a hankali ba tare da zafi ba, in wuri ya ji ciwo sai ya warke da tabo, ya sake jin ciwo ya sake tabo, har ta taurare. Ya ce naman da kullum yake lalacewa yana sake tohowa, wata rana sai ya toho ba daidai ba, daga nan sankara ke farawa, kuma ta riga ta fara. Yaya ya tambaya ko zai iya yin tafiyar da aka riga aka loda masa kaya. Ni kuwa takalmin lokotoron nake kallo. Da na ambaci ƙanenmu sai ya juyo gare ni, ya ce lallai a auna ni da ƴaƴana, domin sau da yawa jariri kan ɗauki ƙwayar daga uwa wajen haihuwa, ita ma ba ta san tana da ita ba.

Aka ɗebi jininmu, amma ban koma karɓar sakamakon ba. Mun kai Yaya Yamai, suka ce abin ya wuce aiki, suka ba mu maganin rage zafi muka dawo. A ɗakin Inna ya ƙarasa. Wata rana ina ba shi kunu ya ce mini, "Ke dai ki je ki karɓo sakamakonki, kar ki biye mini." Ranar da ya rasu ban yi kuka ba. Na ɗora tukunya na dafa wa masu gaisuwa abinci, har mata suna yaba haƙurina. Ba haƙuri ba ne, ban ji komai ba ne kawai.

Bayan sadakar bakwai na je na karɓo. Ina da ƙwayar ciwon. Hantata ta soma kumburi, amma tabon bai yi yawa ba. An ɗora ni kan ƙwayar maganin da zan riƙa sha kullum, ba ta kashe ciwon, tana dai danne shi don kumburin ya lafa, sannan hoton ciki duk bayan wata shida. Mijina da ƙananan yara biyu ba su da ƙwayar ciwon, an yi wa yaran rigakafi. Babbar ƴata tana da ita. Na tambayi lokotoro ko daga gare ni ne, ya ce mai yiwuwa, amma ba laifina ba ne. Na ce to, na koma tasha na ci gaba da zuba wa mutane shinkafa.

Har yau Inna takan zauna bisa tabarma tana tambaya wa ya yi wa ƴaƴanta maza wannan abu. Na roƙe ta a auna ta, ta ce ita lafiyarta lau. Ban gaya mata dalili ba, kuma ban jin zan iya, don na san nauyin wannan magana tun ranar da aka faɗa mini ita a kan ƴata.

Abin da na gane shi ne ƙarfin jiki ba ya nuna lafiyar hanta. In an taɓa rasa wani a gidanku da kumburin ciki da rawayar ido, ku je a auna jininku duka, kada ku jira zafi. Mai ciki ta nemi a auna ta, a yi wa jariri allura da zarar an haife shi. Yayana ya jira sai da ya ji ciwo, kuma ranar da ya ji, babu sauran abin da za a yi masa.