Ashanar da Wanzami Ya Ciro

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da na je duba ƙanwata mai jego a ƙauyenmu na wajen Gwiwa, na tarar da damtsenta ɗaure da tsumma.

Ita da mijinta suna ɗauke da cutar ƙanjamau, kuma bayan su biyu ni kaɗai na sani. Suna shan magani, lafiyarsu ƙalau, jaririn ma ya zo bai ɗauka ba. Sai dai ta zubar da jini sosai wurin haihuwa, har likita a Kazaure ya ce in ta sake ɗaukar ciki nan kusa, ranta ne a kai. Da yardar mijin aka sa mata ashana, ɗan siririn abin tazarar haihuwa da ake turawa ƙarƙashin fatar damtse.

Gwaggonmu ce ke mata wankan jego. Mace ce mai hannu kamar na maƙeri, ga son mu kamar ta haɗiye mu. Tana cikin gasa mata jiki ta ji abu yana motsi a ƙarƙashin fata. Ta tambaya, yarinya ta yi shiru. Shi ke nan Gwaggo ta yanke hukunci: jifa ne. Kafin azahar an kira wanzami, ya tsaga damtsen ya ciro ta.

Ina shiga Gwaggo ta tare ni da murna, ta warware wani ƙyalle ta nuna mini.

"Kin ga abin da maƙiya suka dasa wa 'yar nan? Allah ya tona asirinsu!"

Na duba, sai ga ashanar. Da muka keɓe da ƙanwata na ce, "Ke kuwa bakinki ciwo yake?"

Ta ce, "Yaya, in na ce na asibiti ne, za ta ce don me. In ta bi ni asibitin, sai ta ga layin da nake bi. Gara a yanka ni."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce ta shirya mu koma a sa wata. Ta ce sai ta yi arba'in. Bayan arba'in ta ce sai tabon ya baje, don kunyar malaman asibiti take ji, kada su ce ta raina wahalarsu. Ashe har karɓar maganinta ta daina saboda kada a ga hannun. Mijin ya tafi cirani ya dawo, bai san an cire ba. Yaron bai fara rarrafe ba ta sake samun ciki.

Ba ta kai watan haihuwa ba. Jini ya ɓalle mata, aka nemo mota, ta cika kafin su kai Roni.

A zaman makoki Gwaggo ta riƙe hannuna tana kuka, tana cewa, "Ɗaya muka ciro, ashe akwai saura a jikinta." Haushi ya cika ni kamar in fashe, amma na kasa jin haushinta. Tsohuwar nan iyakar saninta ta yi, da zuciya ɗaya.

Abin da na koya shi ne, rufin asiri ma yana da iyaka. Mai jinyar mutum, in ba a gaya mata ko rabin gaskiya ba, da hannun ƙauna za ta yi ɓarna. Mun tsare sunan ƙanwata tsaf, ba wanda ya taɓa nuna ta da baki. Ita ce dai ba mu tsare ba.