Awa Ɗayar da Ta Raba Kawuna da Rabon Ruwa

Edita, ina yi maka sallama tare da dukan masu karanta wannan shafi. Na daɗe ina juya labarin nan a raina kafin in yarda in rubuto shi. Lokacin da abin ya faru ban jima da gama karatun kwamfuta ba, ina zaune a gidanmu da ke Gwadangaji, ina ɗan karɓar aikin haɗa manhaja daga masu shaguna da ƙananan makarantu na Birnin Kebbi. Ba zan ɓoye ba, kaina yana hayaƙi a wancan lokaci. Ni ce mace tilo a cikin 'yan ajinmu da ta riƙe wannan sana'a, kuma duk abin da na taɓa yana tafiya, sai na ɗauka kuskure abin wasu ne. Mahaifiyata takan tsokane ni cewa ko gishiri aka ce ya yi yawa a miyata, zan ce harshen mai ci ne ke da matsala.

Ina da kawu, yayan mahaifiyata, manomin shinkafa a fadamar Argungu. Dattijo ne mai karatun addini, bai yi boko ba, kuma ba mai yawan magana ba ne. Shi da wasu manoma sun haɗa kai sun mallaki babban injin ban ruwa guda ɗaya don noman rani, suna sha bi da bi. Shekara da shekaru shi ke raba musu lokaci, saboda kowa ya yarda ba ya son kai. Wahalar ita ce sai ya bi mutane gida gida ko a masallaci yana gaya wa kowa lokacinsa, ga ƙafa ta fara ba shi ciwo. Da na je gaishe shi na ga haka, sai na ce zan haɗa masa abin da zai riƙa tura wa kowa saƙon tes da lokacin da zai fara da lokacin da zai saki ruwa. Shi dai ya kira ni ya faɗi rabon, ni in shigar. Ya yi murna ƙwarai, ya kai maganar gaban manoman, ya tsaya mini, ya ce 'yar ƙanwarsa ce kuma ta san aikinta. Matasan cikinsu suka ba da lambobinsu. Dattawan, sa'o'in Kawu, suka ce su dai a ci gaba da gaya musu da baki.

A nan sai na ɗan yi bayanin yadda aikinmu yake, don wanda ba ɗan sana'ar ba ya gane inda na faɗi. Manhaja irin wannan ba a kan laftof ɗina za ta zauna ba, sai a kan wata na'ura da ba ta kashewa, wadda muke kira saba. Don kada abin da ya yi aiki a wurinka ya ƙi yi a can, mukan naɗe manhajar da duk abin da take buƙata a cikin abin da ake kira kwantena. Ba daga babu ake gina kwantena ba. Akwai tushe da wasu suka riga suka shirya suka ajiye a rumbunan intanet, kai sai ka rubuta sunan tushen da kake so a layin farko na umarnin gini, manhajar gini ta je ta jawo shi, ta ɗora naka a kai. Ni da na zo rubuta sunan tushen, gajeren suna kawai na sa. Ban faɗi daga wane rumbu za a ɗauko ba, ban kuma faɗi wace fitowa ta tushen ba. Haka na saba, haka aka koya mana, kuma bai taɓa ba ni matsala ba.

Akwai kuma halin da duk wanda ya yi wannan aiki a garinmu ya san shi, wato tsumulmular data. Tushen da ke kan laftof ɗina ma ban jawo shi da kaina ba, wata ƙawata ce ta kwafa mini a filash tun muna makaranta, na ci gaba da gini a kansa. Da na gama aikin Kawu, abin da ya fi dacewa shi ne in tura kwantenar da na gina na gwada, yadda take. Amma tana da nauyi, ga sabis ɗin unguwarmu sai ka fita tsakar gida kana ɗaga waya sama. Sai na tura wa mutumin da ya ba mu wuri a sabarsa rubutun manhajar da umarnin gini kawai, na ce ya gina a can. Ya gaya mini a waya cewa shi ba irin manhajar ginin da nake amfani da ita yake da ita ba, wata ce daban, amma umarni ɗaya suke karantawa. Na ce ai shi ke nan, duk kanwar ja ce. Ya gina, ta ginu ba gardama, ta tashi, saƙonni suka fara fita. Ko lambata ban sa a cikin masu karɓa ba, balle in ga abin da ke isa wayar mutane.

Ba a yi nisa ba Kawu ya kira ni. Ya ce yaran suna zuwa bakin inji tun lokacinsu bai yi ba, suna tarar da dattijo yana kan shayar da gonarsa, sai cacar baki ta tashi. Ya ce sun dage cewa saƙon ne ya ce su zo a lokacin. Yana kan wayar na buɗe laftof, na tayar da kwantenar da ke wurina, na sa ta fitar da saƙon ranar. Lokaci ya fito daidai da yadda ya faɗa mini. Sai na ce masa Kawu, na'ura ba ta ƙarya, ga shi a gabana ina gani, yaran nan ne ke son ƙarin ruwa suka fake da saƙo. Ya sake kira bayan kwana biyu da magana ɗaya, na sake ba shi amsa ɗaya, har da ɗan ɗaga murya. An ce ruwa ba ya tsami banza, amma ni ban tsaya tambayar kaina abin da zai sa mutane da yawa su haɗu a kan ƙarya iri ɗaya ba. Ban ce a karanto mini saƙo ko ɗaya ba, ban kuma leƙa sabar ba.

Abin da ke faruwa a fadama kuwa ya wuce cacar baki. Mai waya zai zo awa ɗaya kafin lokacinsa, dattijo ya hana shi, ya zauna yana jira yana ganin an cinye masa haƙƙi. Idan ya samu ruwan ya fara shayarwa, sai mai wayar da ke bayansa ya iso, shi ma awa ɗaya kafin nasa lokacin, ya nuna saƙo ya ce a saki. Wanda ke tsakiya sai ya tashi da rabin ruwansa. Ga rana ta fara zafi, ga dashe bai daɗe da kamawa ba. Wani matashi mai iyali, wanda gonarsa ke can ƙarshen hanyar ruwa, shinkafarsa ta fara jan baki. Magana ta fara yawo cewa Kawu yana ba sa'o'insa lokaci ɗaya da baki, yana sa 'yarsa ta tura wa yara wani lokacin daban.

Aka kira taro. Ban je ba, matar Kawu ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce ya miƙe a gaban jama'a ya maimaita abin da na gaya masa, cewa saƙon daidai yake, masu zuwa da wuri su ji tsoron Allah. Sai matasan suka ciro wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya, aka ba limamin unguwa ya duba, aka karanta da ƙarfi. Kowane saƙo ya saɓa da abin da Kawu ya faɗa da awa ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne bai ambaci sunana ba. Ya ce shi ya kawo abin, shi ke da laifi, kuma daga ranar ya sauke rabon ruwa, su nemi wani. Ya kuma ce lokacinsa na sauran zagayen ya bar wa matashin nan da shinkafarsa ke ƙonewa.

Da labarin ya iso ni, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Washegari na hau Keke Napep zuwa ofishin mai sabar, na ce ya buɗe mini kwantenar da ke aiki a can. Tambayar farko da na yi mata ita ce ƙarfe nawa. Ta ba ni agogon duniya, wanda ke bayan namu da awa ɗaya. Muka bi diddigi tare, abin ya fito fili. Manhajar ginin da ke wurina, idan ta ga gajeren suna, rumbu ɗaya ta sani, can take nufa, ko ma ta ɗauki wanda ta tarar a ajiye a laftof. Tasa kuwa ba ta da wannan ɗabi'a. Tana bin rumbunan da mai na'urar ya jera mata, kuma a yadda ya saita tasa, inda ta fara cin karo da sunan nan take ɗauka. Kamar ka aiki mutum biyu sayen manja ne ba ka ce wurin wa ba, ɗaya ya tafi wurin wadda gidanku suka saba, ɗaya ya tsaya a rumfar farko. Tushen da ta jawo sunansa ɗaya da nawa, amma an rage masa kaya don ya yi sauƙi, kuma cikin abin da aka cire har da bayanin agogon ƙasashe. Manhajata tana ajiye lokaci da agogon duniya, idan za ta tura saƙo ta mayar da shi na Najeriya. Da ta nemi bayanin ta rasa, ba ta tsaya ba, ba ta yi ƙorafi ba, sai ta tura shi yadda yake.

Gyaran bai ɗauke ni komai ba, wannan ma wani baƙin cikin ne. Na rubuta cikakken sunan rumbun, na ƙara da lambar shaidar ainihin tushen da nake so, yadda kowace manhajar gini abu ɗaya za ta jawo ko ta ƙi ginawa gaba ɗaya. Mai sabar bai yi laifi ba, ya gaya mini tun farko tasa daban ce. Manhajojin biyu ma kowace ta yi abin da aka tsara ta a kai. Ni ce na bar gurbi, kowace ta cike shi da nata.

Na shiga mota zuwa Argungu, na roƙi a tara mini manoman a ƙofar gidan Kawu. Na yi musu bayani iya yadda za su gane, na ce Kawu lokaci ɗaya ya ba kowa, daga hannuna abin ya karkace, kuma ya kira ni har sau biyu na ƙaryata su. Na nemi gafararsu, musamman matashin nan. Mutanen kirki ne, sun ce Allah ya yafe mu baki ɗaya, wasu har suka ce Kawu ya koma kan aikinsa. Ya yi musu godiya ya ƙi. Saƙon tes kuwa suka ce a bar shi haka nan. Bayan sun watse na bi shi zaure na durƙusa ina kuka. Ya bar ni sai da na natsu, sannan ya ce, “Ɗiyata, ba injin saƙon ga yab ba ni kumya ba. Da kin ce mini ba ki sani ba, da ni ma na tashi na ce musu ban sani ba. Wannan ai ba a zagin mutum da shi.” A shekarar nan gonarsa ba ta yi abin kirki ba, saboda ruwan da ya bayar, kuma bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Shi ya sa nake kira ga 'yan uwana masu wannan sana'a, musamman mu da ke aiki inda data ke da tsada, muna ta dabarun rage nauyi. Kada ka rubuta gajeren sunan tushe ka bar manhajar gini ta zaɓa maka. Faɗi rumbun, faɗi ainihin wanda kake so. Idan an ce maka manhajar da ke can daban ce da taka, ka ɗauki maganar da muhimmanci ko da umarni ɗaya suke karantawa. Abin da ka gwada a laftof ɗinka shaida ce a kan laftof ɗinka kawai, je ka ga abin da ke isa hannun mutane da idonka. Fiye da duka, idan wanda bai san aikinka ba ya ce maka akwai matsala, ka tuna shi ba zai iya dubawa ba, maganarka zai ɗauka ya tsaya da ita a gaban mutane.

Ni da Kawu muna nan lafiya lau, ina zuwa gaishe shi, yana sa mini albarka, idan an yi girbi ba ya manta gidanmu. Sai dai yanzu idan na gaya masa wani abu, ko da kan wayarsa ne da ta ƙi kira, yakan tambaye ni a hankali ko na duba. Da can ba ya tambaya.