Tukunyata a Gidan Burkutu

Shekarar da aka sare daji aka yanka hanyar mota ta wajen Kebbe, ni ce mai dafa abinci a gidan burkutun da ke bayan kasuwar wani ƙauye. Lokacin Turawa na kan mulkinsu, yaƙin da aka kwashi samari dominsa bai daɗe da ƙarewa ba. Ni 'yar Tambuwal ce, aure ya kai ni can. Mijina ya rasu da kaka, 'yan'uwansa suka raba gona, suka bar mini tukwane da turmi da tsohuwarsu makauniya, wadda babu mai son ɗaukar nauyinta.

Mai giyar da kanta ta zo nemana. Doguwar mace ce, mutuniyar duwatsun kudu, ba ta salla, lofen taba ba ya barin bakinta. Ta tsaya a bakin danga ko sallama babu, ta ce mai yi mata dahuwa ta gudu, ga kuwa leburorin hanya sun cika gari.

"Ciki wofi ba shi riƙe giya," in ji ta. "In sun ci, sai su zamna. An ce kin iya miya."

Na ce mata tukwanena daban, ruwana daban, kuma hannuna ba zai taɓa tulunta ba. Ta zare lofe ta yi dariya har da tari.

"To, Malama. Taho da tsarkinki."

Tun daga ranar ba ta sake kirana da wani suna ba, kuma ba don girmamawa ba ne.

Gidan ba gida ba ne na kirki. Rumfar zana ce a gindin tsamiya, da kututtura na zama, da manyan tuluna da aka binne gindinsu a ƙasa. Tsamin tsiron dawa yakan tare mutum tun daga nesa, ya shiga zane ya ƙi fita ko an wanke. Ƙuda kuwa kamar an kira su biki. Na kafa murhuna a can gefe inda iska ke kore warin, ina dafa ragadada da ƙafafun shanu da kayan ciki da nake samu a wurin mahauta, ina tuƙa tuwon dawa da miyar kuka.

Dangin mai giyar sukan zo ranar kasuwa, su sha, su ci, su yi waƙarsu su tafi. Abin kakanninsu suke yi, ba ni da magana da su. Waɗanda na tsana namu ne, Musulmi. Ta bayan gonar rogo suke ɓullowa, hula a cikin aljihu, suna waige-waige. Su zauna su kafa kai a ƙoƙo, kumfa a gemu, su miƙo mini akushi ba tare da sun dubi fuskata ba. In za su tafi su tauna goro don ya kashe wari. Na san matansu, na san unguwanninsu. A gari kuwa in mun yi kiciɓis sai su kau da kai su tofar da yawu.

Tsakanina da mai giyar kullum da abin faɗa. Ta kwashi itacena ta hura wa tukunyarta. Karnukanta su lashe mini murfi. In na shimfiɗa zane zan yi azahar a bayan tsamiya, lokacin ne waƙa ke zo mata. Ni ma ban raga mata ba: duk sanda gefen zanenta ya shafe ni sai na ɗebi ruwa na wanke wurin a kan idonta. Ita na bukatar miyata, ni ina bukatar rumfarta, iyakar abin da ya haɗa mu ke nan.

Sai heluma ya fara zuwa, wato babban leburorin hanya. Tsohon soja ne daga wajen Dogon Daji, Musulmi ɗan Musulmi, ga gajeren wandon kaki, ga usur a wuya, ga bulalar dorina. Shi ba ya ɓoyewa. Ta gaban kasuwa yake shigowa, ya zauna a kututturen da ya fi tsawo, ya riƙa jefa kalmomin bariki da babu mai ganewa. Talakawan da aka ɗebo daga ƙauyuka aikin tilas sukan zo cin tuwo kawai, shi kuwa sai ya kama ƙeyar mutum ya ɗura masa giya, ana dariya. Na ga wani dattijo Bafillace da aka yi wa haka, ya koma bayan zana yana kuka yana cusa yatsa a maƙogwaro.

Wata ranar kasuwa bayan azahar, ragadada ta nuna, ƙamshin daddawa ya danne tsamin gidan. Heluma ya taso da ƙoƙonsa cike, yana tangaɗi, ya tsaya a kan murhuna.

"Ke, mi kika sa ma miyag ga? Kullum lami."

"In ba ta yi maka ba, bar ta," na ce.

"Ni na san abin da ya rage mata."

Kafin in ɗaga kai ya juye ƙoƙon duka a cikin tukunya. Kumfa ta taso, tsami ya bugi hancina. Rumfa ta kaure da shewa. Har da masu hula a aljihu, su ne ma suka fi kowa buɗe baki.

Ban yi tunani ba. Na naɗe hannuwana da gefen zane, na cicciɓi tukunyar daga kan duwatsu, na kife ta a ƙafafunsa. Romo mai tafasa ya wanke masa ƙwauri ya cika takalman sojan. Ya yi wata ƙara irin ta akuya a hannun mahauci, ya faɗi zaune yana fizgar igiyar takalmi. Karnuka suka yi caa a kan nama. Da ya miƙe sai ya zaro dorina.

Mai giyar ce ta shiga tsakani, da muciyar dama giya a hannu.

"Ba gidana ba! In kana bugunta, ku tai bakin hanya. Kak ka fasa min tuluna."

Aka janye shi yana zagin uwata da ubana. Na ɗauka ko sau ɗaya za ta tsaya mini. Sai ta juyo, idanunta jajur.

"Kin zubda nama, kin ƙone mutumin gwamna, gobe 'yan doka su zo su rushe min rumfa. Don ɗan ƙoƙo guda! Wuta ba ta cinye shi?"

"Ƙazantarku ce ya zuba min cikin abinci."

"Ƙazantag ga ita ka ciyar da ke da makauniyarki, Malama. Kwashe tsarkinki ki ba ni wuri."

Na ɗauki turmi da muciya da akusa. Tukunyar na bar ta a kife, don yumɓu in ya sha abu ba ya saki.

'Yan doka ba su zo ba. Ashe heluma kunya ta hana shi kai ƙara, kada a ji mace ta ƙone shi a gidan giya. Amma hakan bai amfane ni da kome ba. Na kafa murhu a cikin kasuwa, na sayi sabuwar tukunya, na wuni ina korar ƙuda. Duk wanda ya nufo ni sai wani ya ja rigarsa. Wani mai sayar da gishiri, wanda na sha zuba wa romo yana layi, shi ya ɗaga murya don kowa ya ji:

"Wa ka cin tuwon gidan giya?"

Na dube shi, ya dube ni, bai ko ƙifta ba. Da na buɗe baki na tona shi, ni za a kira mahaukaciya.

Abin da ya fi ci mini rai a gida ya same ni. Tsohuwar da na yi watanni ina ciyarwa, wadda kullum take jin warin zanena ta yi shiru ta miƙo hannu, sai na ji ta ta bayan danga tana gaya wa maƙwabta ita ba ta taɓa sanin inda nake zuwa ba, da ta sani da yunwa ta kashe ta. Kwana kaɗan babban ɗanta ya zo ya tafi da ita, wai kada in lalata mata ƙarshe.

Da damina ta kusa na bi ayarin masu jakuna na koma Tambuwal. Yayana na gyaran rufin rumbu na shiga. Ya sauko, ya karɓi kayan kaina, ya dubi ramar da na yi. Labari ya riga ni isowa, na gani a fuskarsa. Bai tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba. Ya nuna mini ɗakin marigayiya innarmu ya ce in share in shiga, ya hau rumbunsa ya ci gaba da ɗaurin ciyawa.