Ashe Na Iya Lallashi

Ina tsaye gaban ɗan dukushin dokin da na sayo Argungu, ina shafa wuyansa ina cewa, "Yi haƙuri ɗan albarka, kar ka ɓata rai."

Tun ranar da na daka masa tsawa ya harbe ni a cinya na koyi ladabi. Sai na yi magana ƙasa-ƙasa nake matsowa, da kanwa a tafin hannu.

Ashe matata na bayana da tiren shayi.

"Baban Nana, ashe ka iya lallashi? Mi yake maka wanda ni ban yi?"

Na ce, "Shi fa harbi yake."

Ta aje tiren a hankali. "To, na gane."

Jama'a, ina mafita? Tun jiya ban yarda na bi ta bayanta ba.