Malam Hayatu, Wanda Ya Hana Allura a Ƙofar Taramniya

Shekara ashirin da shida mutanen Ƙofar Taramniya suna sanin hantsi ya kusa da ƙarar keken Malam Hayatu. Daga Dundaye yake tasowa bayan sallar asuba, ya jingine keken a gindin dalbejiyar da ke gaban ɗakin magani, ya buɗe tagogi, ya hura risho. Ba ya duba kowa sai allurai sun tafasa, ya wanke hannu har gwiwa. Mata na zaune a layi da goyo, wasu na tsaki, shi ko a jikinsa. In ya gama sai ya leƙo ya ce, "Wa ya riga?"

A watan jiya ya miƙa makulli ya koma gona. Ba a yi taro ba, ba a ɗauki hoto ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni Junaidu, malamin makarantar elementare a unguwar, domin akwai abin da na gani da idona, akwai kuma nauyin da ke kaina.

Daminar 1959 ce, shekara guda kafin a sami 'yancin kai. Cikin mako uku yara shida a unguwarmu suka kwanta da zazzaɓi, suka tashi ƙafa ba ta ɗaukarsu. Tsofaffi suka ce Inna ce ta shigo unguwa, tana shanye ƙafafun yara. Aka yi turare, aka yi sadaka. Matasa kuwa muka ce allura ce magani, don a shekarun nan mun ga allurar fansilin ta tayar da mutanen da aka fid da rai da su. Duk uwar da ɗanta ya yi ɗumi sai ta ruga ɗakin magani.

Ana cikin haka Malam Hayatu ya kulle allurai a akwati. Ya ce duk yaron da ke da zazzaɓi ba zai soke shi ba. Ƙwaya zai ba da, a niƙa a ba shi a cokali.

Unguwa ta ɗauki zafi. Wasu suka ce ya tsufa, wasu suka ce ɓoye maganin yake yi don 'ya'yan manya.

Ranar wata Talata yayana Mani, wanda mahauci ne, ya aiko a kira ni daga aji. Ɗiyarsa Sakinatu, 'yar shekara uku, kwana biyu jikinta kamar garwashi, in an taɓa wuyanta sai ta ƙwalla ƙara. Na same shi a ƙofar ɗakin magani, ya taho kai tsaye daga mahauta, jini a riga, wuƙa a ƙugu, yarinyar a kafaɗa. Layin mata ya dare.

"Malam, ka yi mata allura," in ji Mani.

Malam Hayatu ya karɓe ta, ya kwantar a tabarma, ya ɗaga kanta a hankali, ya lanƙwasa ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Na ga fuskarsa ta canza.

"Ba ni yi mata, Mani."

"Mi kac ce?"

"Ba ni yi mata allura. Zauna in gaya maka dalili."

"Ban zo zama ba."

"To tsaya ka ji."

Abin da ya faɗa a wurin, na riƙe shi kusan kalma da kalma, domin daga baya na sha sa shi ya maimaita mini. Ya ce bara wani likita mai binciken cututtuka ya yi wata biyu a Sakkwato yana tattara bahayar yara a kwalabe, shi ne ya yi masa tafinta, kuma tun daga nan suna musayar wasiƙa. Likitan ya koya masa cewa shan-inna ƙwayar cuta ce, ƙanƙanuwa har madubin likita na asibiti ba ya ganinta.

"Ka san laya," in ji shi. "Rubutu ciki, hwata ta rufe. Haka wagga ƙwaya take. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta iya haihuwa ita kaɗai. Ta baki taka shiga, da ruwa ko da hannu mai dauɗa, ta sauka maƙogwaro da hanji. Jikin mutum kuwa ɗaki-ɗaki ne ƙanana, awa saƙar zuma, kowane ɗaki da masu aiki ciki. In ta liƙe ga ɗaki guda sai ta shiga, ta tuɓe hwatar, ta miƙa rubutun. Rubutun cewa yake: ku aje aikinku, ku kwafe ni, ku ɗinka mini sabuwar hwata. Su ko ba su san baƙo ba, sai su kama. Daga asuba zuwa azahar, ƙwaya guda ta zama dubbai. Ɗakin ya fashe, su watsu, kowace ta nemi nata ɗaki."

Malam Hayatu ya ci gaba.

"Galibin yara a hanji abin ke tsayawa, su kasayar da shi, ba a ma san sun ɗauka ba. Amma wani yaro guda cikin masu yawa, sai ta bi jini ta kai ga lakar baya, inda jijiyoyin da ke motsa ƙafa suke. In ta fasa waɗannan ɗakuna, ba su sake ginuwa. Fansilin ba shi taɓa ta. Kuma in ka soki naman yaro tana cikin jininsa, ka buɗe mata hanya zuwa wannan ƙafa."

"Ka gama?" in ji Mani. "Abin da ido ba shi gani, kai ka gan shi?"

"Ban gan shi ba."

"To ni ina ganin ɗiyata."

Ya sunkuya ya ɗauke ta. A lokacin akwai wani mutum da ke zaune a wani zaure a Gawon Nama da sirinji guda, yana yi wa duk wanda ya je allura. Kowa a wurin ya san can Mani ya nufa.

Abin da ban taɓa gani ba, Malam Hayatu ya rufe ɗakin magani da tsakar rana, da mutane a layi, ya hau keke. Ni na bi su da gudu. Ya sha gaban Mani a wani lungu inda ruwan sama ya kwanta, ya gicciya keken daga katanga zuwa katanga.

"Kauce, Malam."

"Ba ni kaucewa."

Hannun Mani ya sauka a ƙugu. Ban ce zai zare ba, ban kuma ce ba zai zare ba. Na san dai ban shiga tsakaninsu ba.

"Ka san Juwairiyya?" in ji Malam Hayatu. "Autata. Shekararta huɗu. Kwana goma sha tara ke nan da ta yi zazzaɓi, na ɗauka na sauro ne. Ni na yi mata allurar kwinin a cinyar dama, da hannun nan. Na san abin da likita ya gaya mini, amma ban san cutar ta shigo gari ba. Kwana shida, ƙafar dama ta mutu. Sannan na bi gidajen yaran nan shida ɗaya bayan ɗaya. Biyar an soke su, ukku ni na soke su, kuma ƙafar da anka soka ita ta shanye. Tana can Dundaye tana jan gindi. In kana so, hau keken nan ka tahi ka gani, ni in riƙe maka Sakinatu."

Ba wanda ya san wannan a unguwarmu. Kwana goma sha tara yana zuwa aiki a kan lokaci.

Mani ya janye hannu daga ƙugu. Yarinyar na nishi a kafaɗarsa.

"Kwana ukku," ya ce. "In ba ta tashi ba, ni da kai ne."

"Ban yi maka alkawarin za ta tashi ba. Na ce kada a ƙara mata."

Daga ranar, safe da la'asar yana gidan Mani. Ya sa aka ciro ƙyauren ɗaki aka shimfiɗa, aka kwantar da ita a miƙe. Ya nuna wa uwarta Ashatu yadda za ta jiƙa tsumma a ruwan zafi, ta matse, ta naɗe ƙafafun. Ya hana a goya ta, ya hana a yi mata tausa mai ƙarfi. Ya haƙa rami da kansa a bayan gida don bahayarta, ya ce ƙwayar za ta yi makonni tana fita, a rufe da toka, kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa tulu.

Kwana na uku zazzaɓi ya sauka. Kwana na huɗu Ashatu ta tsayar da ita, ƙafar hagu ta lanƙwashe, yarinyar ta zube.

A yammacin nan Mani ya tara mutum goma sha ɗaya a zaurensa. Aka ce a rubuta ƙara zuwa ga magabatan Malam Hayatu, cewa ya hana magani har yarinya ta nakasa. Ni kaɗai ke da boko a cikinsu. Na ji bayaninsa a ɗakin magani, na ji abin da ya faɗa a lungu, amma na kalli ƙafar ɗiyar ɗan'uwana na rubuta. Suka dangwala yatsa. Bayan kwana biyu aka dakatar da shi sai an yi bincike.

Washegari da hantsi muka ji ƙarar keke a ƙofar gida. Mani ya fito ya tsaya a bakin zaure.

"An karɓe makulli," in ji Malam Hayatu. "Ba a karɓe hannuna ba. Yanzu ne aikin ya fara. Wasu ɗakunan sun mutu, wasu suma sunka yi. In an bar ƙafar ta ƙage, ko sun farfaɗo ba ta miƙewa."

Ashatu ce ta yi magana daga cikin gida. "Maigida, ka bar shi ya shigo. In ka kore shi, ni zan ɗauke ta in bi shi Dundaye."

Mani ya kauce.

Mako uku ya yi yana zuwa, ba aiki a hannunsa, ba tabbacin za a mayar da shi. Yana miƙe ƙafar yana lanƙwasawa, yana ce wa yarinyar ta ture tafinsa da yatsunta. A cikin makonnin nan maƙwabcinmu Siddiƙu, wanda yatsansa na cikin takardar, ya kai ɗansa Gawon Nama aka yi masa allura a cinyoyi biyu. Yaron bai sake tsayuwa ba. Gidan ma Malam Hayatu ya shiga, bai ce wa kowa na gaya muku ba.

Ranar da aka zauna bincike an kira mu duka. Aka karanta takardar, kowace kalma tawa ce. Aka tambayi Malam Hayatu, ya maimaita bayaninsa, ya miƙa wasiƙun likitan. Ya ƙara da cewa a rubuta shi ya soki yara uku daga cikin shidan farko. Sai Mani ya miƙe ba tare da an ba shi izini ba.

"Ranku shi daɗe, yatsana ne na farko a takardar nan, kuma na zo in ɗauke shi. Ɗiyata ba ta tashi ba har yau. Amma jiya ta motsa babban yatsa. Mutumin da munka kai ƙara shi ne ke durƙushe gabanta sa'ad da ta motsa."

Aka mayar masa da makulli. Aka kuma aika wa sauran ɗakunan magani cewa a dakata da yi wa yara masu zazzaɓi allura sai cutar ta lafa.

Sakinatu ta tsaya da kaka, ta taka da rani. Ranar da aka ɗaga sabuwar tuta ta 'yancin kai, da ƙafarta ta bi uwarta kallo, tana ɗan jan hagu, kuma har yau tana ja. Na taɓa ce masa shi ya cece ta. Ya ce, "Ban sani ba, Junaidu. Wataƙila ko an soke ta haka za ta tsaya, wataƙila da ba ta tashi ba. Allah shi ya sani. Ni dai abin da na sani na yi."

Malam Hayatu, kai ne ka tsaya a lungu gaban mai wuƙa, ba ka da komai sai keke. Kai ne ka faɗi kuskurenka a gaban magabata alhali ba wanda ya tambaye ka. Ka san rubutuna tun ranar da aka nuna maka takardar, amma ba ka fasa amsa gaisuwata ba ko sau ɗaya. Ina neman gafararka a gaban duk wanda zai karanta wannan.

Makon jiya na je Dundaye. Na same shi yana gyara wa Juwairiyya ƙarafan tallafar ƙafa da ya zana wa wani maƙeri ya ƙera mata, tana dafe da kafaɗarsa. Ya ce likitan ya rubuto masa cewa a ƙasashen waje an sami rigakafi, har akwai wanda ake ɗigawa a baki: ita ƙwayar ce aka raunana, ta hayayyafa a hanji, jiki ya koyi kamanninta kafin ta gaske ta zo.

"Za a ƙi shi da farko," ya ce. "Mutane za su ce yaya za a ba yaro cuta don a hana cuta. Sai an sami mai zama ya yi bayani."

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka, ya ba Juwairiyya ƙarfi. Ku kuma matasan da ke karɓar makullan ɗakunan magani a wannan sabon zamani, ku koyi abin da kuke yaƙi da shi, ku gaya wa mutane da harshen da suke ji, ku iya cewa a'a ko da dukan unguwa na cewa i. Ranar da rigakafin ya iso Sakkwato, kada ku fara sai kun aika Dundaye. Ya ce a kira shi, zai zo ya riƙe yaron farko.