Gwaggo da Ranar Tsakar Gida

Gwaggona, yayar babana, saƙa ce sana'arta. Rigunan sanyi na jarirai, huluna, safa, duk jaririn layinmu ya sa aikin hannunta. Mace ce mai sanyin magana, amma ba ta mantuwa, kuma ni ban ga laifinta ba.

Mijinta akawu ne a wani kamfanin sufuri, kowa Akawu yake ce masa. Yana da rediyo mai rigar fata da yake ji da ita kamar ƙwai. Kullum zai fita aiki sai ya buɗe bayanta, ya zare batir, ya zura a aljihu. Wai mata ba su san labarai ba, waƙe-waƙe za su ji su cinye masa batir. Haka Gwaggo ta tsufa tana saƙa a gidan da ba motsin komai, ga rediyo a kan kabad tana kallonta.

Wata rana babana, yana can wurin aikin hanya mai nisa, masu shirin gaishe-gaishe na gidan rediyo suka je sansaninsu. Ya gaishe da yayarsa da bakinsa, har da tsokanarta. Duk layin aka ji, ban da ita. Maƙwabta ne suka shigo suna ba ta labari. Daga wannan tafiya babana bai dawo da rai ba. Da ta yi wa Akawu maganar, cewa ya yi, "To, ai an faɗa miki abin da ya ce."

Shekaru suka ja. Akawu ya yi ritaya, ƙafafu suka daina ɗaukarsa, rediyonsa ma ta mutu. Sai 'yar autarsu ta kawo wa Gwaggo sabuwa, 'yar ƙarama mai farantin sola a baya. Ba batir ɗin cirewa, ba abin murɗawa, sai maɓallai da ɗan gilashi mai nuna lambar tasha. A shanya ta a rana kawai, ta yi ta magana.

Nan Gwaggo ta samu abin da take jira. Da hantsi sai ta ja kujera can ƙarshen tsakar gida, ta kafa rediyon a kan bokiti, ta ɗauki saƙarta. Tana saita muryar daidai yadda Akawu zai ji ana magana daga ɗaki, amma ba zai gane me ake cewa ba. Da an buga kiɗan labarai sai ta danna tashar waƙa.

"Me suka ce a labarai?" in ji shi ta taga.

"Ina na sani, Malam? Mu mata waƙa muke ji."

Wallahi ranar sai da na shige kicin na yi dariya ta ishe ni.

Babban ɗansu ya ga abin ya yi yawa, ya sayo wa uban rediyo irin tata sak. Akawu ya wuni yana jin duniya, washegari caji ya ƙare, rediyon ta yi shiru. Ɗakinsa rana ba ta shiga, kuma daga shi sai Gwaggo a gidan. Abin da ya rage masa ya ce mata don Allah ta shanya masa. Mutumin da bai taɓa faɗa mata wannan kalma ba.

Bai faɗa ba. Na je gaishe su na tarar ya sauko daga gado, ya rataya rediyon a wuya, yana jan gindi a ƙasa, gumi na zuba. Na yunƙura zan taimaka, Gwaggo ta riƙe mini zane. Ya kai bakin baranda, inda rana ta ɗan sauka, ya miƙa hannu ya ajiye rediyon, ya dubi Gwaggo yana haki, irin kallon nan na ga shi na yi ba da ke ba.

Gwaggo ta ajiye saƙa. Ta shiga ɗakinsa ta yaye zanen gadon, ta jiƙa shi a famfo, ta zo ta baza a igiyar da ke saitin baranda. Inuwa ta rufe rediyon ruf.

Dariyar ba ta zo mini ba wannan karon. Na ce, "Gwaggo, haba."

Ta koma kujerarta tana laluben inda ta tsaya a saƙar. Ta ce, "Bai bushe ba tukuna. In yana da magana, ga ni a zaune."