Ƙafar da na kai wa taubashina a Kebbe

Duk Tambuwal an san ni da baki. In na shiga ofis da koken ƙungiyarmu ta masu ƙafar roba, har kujeru sai sun gyara zama. Ni ƙafafuna biyu lafiya lau, surutu ne ya sa suka ɗora ni kakaki. Da wannan bakin na samo wa taubashina sabuwar ƙafa daga birni, na kuma rantse a majalisa cewa bana da kansa zai yi shuka.

Ana sallame asuba muka kama hanyar Kebbe a babur, ƙafar naɗe cikin buhu a kan cinyata. Mai babur ya ce tunda ƙafa uku zai ɗauka sai na ƙara masa kuɗi, kuma bai yi dariya ba sai da na ƙara. Hanyar kuwa, akwai ramin da muka faɗa na ɗauka sai da igiya za a fito da mu. Dama da hagu mutane ne a gonaki, mai sara a gaba, mai zuba iri a baya, don ruwa ya sauka kwana biyu kafin nan. A Kebbe muka sha fura mai kauri, muka miƙe zuwa ƙauyensu.

Taubashina manomi ne. Shekarun baya ya karye a babur, ɗori ya ruɓe, aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa. Na same shi a gindin rumbu, ya rame. A jikin rumbun an rataye ƙafafun roba biyu na rabon da aka yi a baya. Ɗaya ta yi masa gyambo a dungun, ɗaya kuma ta tsage tun damina ta farko. Maƙwabcinsa ya nemi aron gonarsa, shi kuwa ya ce a jira ni.

"Sarkin surutu, mi ka kawo?" in ji shi.

Na ce, "Tashi, raggo, hutu ya ƙare."

Ya zura dungun, muka ɗaure. Tsawo ya yi daidai kamar da ita aka haife shi, har na fara neman wanda zai ɗauke mu hoto. Ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu, a na uku gumi ya keto masa, ya dafa rumbu ya sulale. Da muka kwance, tsumman da ya naɗe dungun ya jiƙe da jini. Bakin ƙafar ya yi masa faɗi, ƙashi yana gugar roba.

Sai in faɗi laifina. Masu haɗa ƙafar sun ce a kawo shi, na ce hanya ba kyau. Na sa aka auna lafiyayyar ƙafarsa da karan dawa, yadda muke aika awon takalmin Salla, aka ba wani direba ya kai musu birni. Su ma ba su musa ba, suka zaro mai tsawon karan daga ɗakin ajiya. Ba wanda ya ga dungun, balle ya ɗauki siffarsa.

Mun dawo, buhun a cinyata, na iso gida da la'asar sakaliya. Abin da na gane shi ne, shekara da shekaru ina ihu a ƙaro ƙafafu, alhali abin da babu shi ne gwanin da zai zo ya duba mutum, ya auna, ya dawo ya gyara. Wanda zai biyo wannan hanyar don haka, ban san inda za a samo shi ba.

Washegari na kira shi in ba shi haƙuri. Ya ce ya riga ya ba maƙwabcin gonar, sun fara shuka tun safe. Na soma alkawarin baɗi, ya katse ni.

"Taubashi, bar wahal da bakinka. Maida musu abinsu, ka ce karan ya gode, ta yi mai daidai."